Shiga Alƙahira: Abin da Baƙo Zai Kiyaye

Birnin Alƙahira da kewayensa na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma cunkoson motoci ne ke cinye lokacin baƙo. Maganinsa jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987. Yana da araha, sannan a tsakiyar kowane jirgi akwai taragun mata zalla, abin da zai kwantar wa iyayenmu mata hankali.

Dalar Giza da sassafe ake zuwa, kafin rana ta take. Masu raƙuma za su yi maka caa. Kada ka ɗora ƙafa a sirdi sai kun gama ciniki, ka kuma tabbatar kuɗin ya haɗa da dawowa. Haka ma a kasuwar Khan el-Khalili, daura da Masallacin Azhar: kuɗin da aka fara faɗa maka na gwaji ne, taya ƙasa sosai, babu kunya a ciki.

Riƙe canji a aljihu, domin ba da tukuici al'ada ce a can. Wajen tsallaka titi, raɓi 'yan gari, kada ka ruga. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yawo ya fi daɗi.