Kalmomin Ciwo da Magani a Turanci da Yadda Hausa Take Karɓarsu

1.0 Gabatarwa

A yawancin asibitocin ƙasar Hausa ta ɓangaren Nijeriya, harsuna biyu ne suke haɗuwa a gaban teburin likita. Majinyaci yana bayyana abin da yake damunsa da Hausa, shi kuwa likita da Turanci ya yi karatu, da shi kuma yake rubuta abin da ya gano a kati. Tsakanin bakin mai ciwo da alƙalamin mai magani akwai fassara, ko da kuwa babu tafinta a ɗakin. Idan fassarar ta kuskure, maganin ma yana iya kuskurewa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda kalmomin Turanci na ciwo da rauni da jinya suka ginu, da hanyoyin da Hausa take bi wajen karɓarsu, sannan a nuna wuraren da ma'anonin harsunan biyu suke saɓawa.

2.0 Tushen Kalmomin a Turanci

Kalmomin lafiya na Turanci hawa uku ne, kowane hawa da tarihinsa da kuma masu amfani da shi.

Hawa na farko shi ne na tsofaffin kalmomin gado, irin su 'sick' da 'ache' da 'wound' da 'sore' da 'heal'. Gajeru ne, su yaro yake fara koya a gida, su ne kuma na hirar yau da kullum.

Hawa na biyu ya samu ne bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na manya. Ta wannan ƙofa kalmomi irin su 'pain' da 'surgeon' da 'remedy' da 'disease' suka shiga. Asalin ma'anar ta ƙarshen nan rashin sukuni ne kawai, daga baya ta tsaya a kan cuta.

Hawa na uku shi ne na Latin da Girkanci, harsunan ilmi a Turai na ƙarnoni da yawa. Kalmomin wannan hawa haɗa su ake yi daga saiwa da ɗafi, don haka wanda ya san guntayen zai iya warware ma'anar kalmar da bai taɓa gani ba. Ɗafa-ƙeyar '-itis' tana nuna kumburi, '-ectomy' yanke wani abu a cire, '-algia' zafi. Ɗafa-goshin 'hyper-' yana nuna wuce kima, 'hypo-' kuma gazawa. Saiwar 'hepat-' hanta ce, 'nephr-' ƙoda, 'cardi-' zuciya. Ke nan 'hepatitis' kumburin hanta ne, 'nephrectomy' kuwa cire ƙoda.

Sakamakon wannan tarihi shi ne abu ɗaya yakan sami suna biyu: na titi da na asibiti. Abin da gama-garin mutane suke kira 'broken bone', likita 'fracture' yake rubutawa. Saboda haka ko Baturen Ingila, in ba malamin lafiya ba ne, yakan buƙaci a fassara masa takardar likitansa. Wahalar mai jin Hausa ninki biyu ce ke nan.

Akwai kuma kalmomin da suke ɗauke da tsohon tunanin da kimiyya ta riga ta yar. 'Malaria' daga Italiyanci take, ma'anarta mummunar iska, domin a da ana zaton tururin fadama ne yake kawo ta. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jini, a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin sauro. 'Influenza' tana nufin tasiri, wato tasirin taurari da ake jingina annobar gare shi. 'Vaccine' daga sunan saniya take a Latin, saboda gwajin da Edward Jenner ya yi a 1796 da ƙurajen shanu don kare mutane daga agana. Wannan yana nuna cewa sunan cuta a kowane harshe ba bayaninta ba ne, alama ce kawai da mutane suka yarda da ita.

3.0 Abin da Turanci Ya Tarar a Hausa

Turanci bai tarar da fage fayau ba. Tun kafin zuwan Turawa, Hausa tana da masana jinya da sunayensu: boka da wanzami da maɗori da ungozoma. Tana da sunayen cututtuka irin su ƙyanda da agana da kuturta da farfaɗiya da sanƙarau da shawara da tarin fuka. A fannin rauni ma ta bambanta karaya da targaɗe da gocewar ƙashi da ƙuna da ƙujewa, ta kuma raba ƙurji da maruru da miki da gyambo.

Bayan wannan akwai aron da aka yi daga Larabci ta hanyar Musulunci da karatun littattafai. Lafiya da annoba da illa da basir da ɗibbu duk daga can suke, haka ma allura, wadda asalinta ta ɗinki ce kafin ma'anarta ta faɗaɗa zuwa ta asibiti. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani. Abin lura shi ne Turanci ma ya ɗebo daga wannan rijiya. An fassara littafin Ibn Sina, Al-Ƙanun fi al-Ɗibb, zuwa Latin a ƙarni na 12, aka daɗe ana karantar da shi a jami'o'in Turai. Kalmar 'syrup' daga sharab take, 'alcohol' kuma daga al-kuhl, wato tushen da ya ba Hausa kalmar kwalli.

4.0 Hanyoyin Karɓa

Ana iya kasa hanyoyin da Hausa take karɓar kalmomin Turanci na wannan fanni gida huɗu.

4.1 Aro Tare da Gyaran Furuci

Tsarin gaɓar Hausa bai yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa ba, kuma yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa. Don haka ake saƙala wasali ko a ƙara shi: 'plaster' ta koma filasta, 'bandage' bandeji, 'syringe' sirinji. Sautin da babu shi a Hausa akan musanya shi da makusancinsa, kamar yadda 'p' take komawa 'f', 'th' kuma 't'. Tsofaffin kalmomin aro, waɗanda suka shiga ta kunne, sun fi nisa da asalinsu: 'doctor' ta zama likita, 'hospital' asibiti. Shaidar cewa sun zama 'yan gida ita ce sun bi ƙa'idar jam'i ta Hausa, ana cewa likitoci da asibitoci, har an tsiro da likitanci. Sababbin kuwa, irin su nas da kemis da taifot, sun riƙe baƙinsu na ƙarshe, domin masu jin Turanci sun yawaita.

A Jamhuriyar Nijar Faransanci ne mabubbuga. Can ana jin lokotoro, ana kuma kiran ƙanjamau da sida, daga gajarcewar sunan cutar a Faransanci.

4.2 Aro Tare da Sauyin Ma'ana

Misali mafi fitowa fili shi ne tiyata. A Turancin Ingila 'theatre' sunan ɗakin da ake fiɗa ne. Hausa ta ɗauki sunan ɗakin ta ba aikin, shi ya sa ake cewa an yi wa wane tiyata, har a ƙara da ɗakin tiyata. Haka nan kemis, wadda a asali mai haɗa magani take nufi, a Hausa ta fi tsayawa a kan shagon sayar da shi.

4.3 Faɗaɗa Ma'anar Kalmar Gida

Nan Hausa takan ɗora sabon nauyi a kan tsohuwar kalma. Hoto ya ƙunshi ɗaukar hoton ƙashi ko na ciki. Awo ya zama duba mai juna biyu. Ɗinki ya haɗa da ɗinke rauni, kwanciya da sallama kuma sun zama shiga asibiti da fita daga cikinsa. Rigakafi, wanda karin magana ta ce ya fi magani, ya zama sunan allurar kariya.

4.4 Ƙirƙira ta Hanyar Bayani

Wannan hanya ce ta fi amfanar mai sauraro. Hawan jini, ciwon sukari, ƙarin ruwa, ƙarin jini, gyambon ciki, yoyon fitsari, shanyewar ɓarin jiki: kowace tana faɗin abin da take nufi. Zazzaɓin cizon sauro ya ma fi 'malaria' daidaito, tun da ya ambaci ainihin mai yaɗa cutar. Bayan da aka fara ba da rahoton cutar nan mai karya garkuwar jiki a Amurka a 1981, Hausa ta ba ta sunan ƙanjamau, daga ƙanjamewar da take sa wa jiki. Sai dai sunan yana siffanta matakin ƙarshe ne kawai, alhali mutum yana iya ɗaukar ƙwayar cutar shekaru ba tare da ya rame ba, musamman in yana shan magani. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke bambanta mai ɗauke da ƙwayar da wanda cutar ta kwantar.

5.0 Wuraren da Ma'anoni Suke Saɓawa

Haɗarin da ya fi girma yana wurin kalmomin da ake zaton daidai suke a harsunan biyu, alhali iyakokinsu daban ne.

Na farko, jijiya. Kalma ɗaya ce a Hausa, amma Turanci ya raba ta biyar: 'artery' mai ɗauke jini daga zuciya, 'vein' mai mayar da shi, 'nerve' mai kai saƙo, 'tendon' mai haɗa tsoka da ƙashi, da 'ligament' mai ɗaure ƙashi da ƙashi. Wanda ya ce jijiya ce take damunsa bai riga ya gaya wa likita wacce ba.

Na biyu, shawara. Ana kiran rawayar ido da wannan suna, ana kuma kiran cutar 'yellow fever' da shi. A wurin likita rawayar ido alama ce da abubuwa da yawa suke haifarwa, daga ciwon hanta zuwa sikila zuwa toshewar hanyar ɗaci. Idan aka ɗauki alama a matsayin cuta, sai a nemi magani ɗaya ga cututtuka da dama. Irin wannan ne yake faruwa da zazzaɓi, wanda mutane da yawa suke ɗauka maleriya ce kai tsaye, alhali taifot da sanƙarau da wasunsu duk da zazzaɓi suke farawa.

Na uku, sanyi. Ana cewa ciwon sanyi ga cutar da ake ɗauka ta saduwa, ana cewa sanyin ƙashi ga ciwon gaɓoɓi, ana kuma danganta mura da sanyi. Tafintan da ya mayar da kalmar 'cold' a ko'ina ya ɓatar da likita.

Na huɗu, ciki da zuciya. Ciwon ciki ya game tumbi da hanji da mahaifa, ciki kuma shi ne juna biyu. Tashin zuciya ba shi da alaƙa da zuciyar da take harba jini, haramar amai ce, kamar yadda 'heartburn' na Turanci ƙwannafi ne kawai.

Ta ɓangaren Turanci ma akwai tarko. A Ingila 'to be sick' yana iya nufin yin amai. 'Chronic' yana nufin ciwon da ya daɗe, ko da mai sauƙi ne, amma da yawa suna ɗaukarsa da ma'anar mai tsanani. 'Positive' kalma ce ta alheri a hirar yau da kullum, amma a takardar gwaji tana nufin an sami abin da ake nema, wanda sau da yawa cuta ce. 'Drug' kuma ta haɗa magani da kayan maye, kamar dai yadda ƙwaya ta haɗa su a Hausa.

Suna kuma yana da tasiri a kan yadda ake neman magani. Shan inna yana jingina cutar ga wata iska, don haka wanda ya yarda da abin da sunan yake faɗi zai fi karkata ga boka fiye da ɗigon rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lura da nauyin sunaye, har ta fitar da ƙa'idojin raɗa wa sababbin cututtuka suna a 2015, a 2022 kuma ta sauya sunan Turanci na ƙyandar biri zuwa 'mpox' don kauce wa tsangwama.

6.0 Kammalawa

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana tsofaffin sunayen cututtuka masu yawa, ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun ƙara da na zamani, littafin Lewis Wall na 1988 kuma ya yi nazarin yadda Hausawa suke fahimtar ciwo da lafiya. Abin da bayanin da ya gabata yake nunawa shi ne jera kalma a gaban kalma bai wadatar ba a wannan fanni. Mai fassara yana buƙatar sanin inda kowace kalma ta fara da inda ta tsaya, ya fifita bayani a kan aro a duk inda bayani zai yiwu, ya kuma raba sunan alama da sunan cuta. Wannan aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin masana harshe da malaman lafiya, kuma ya cancanci gurbi a manhajar sassan Hausa da ta makarantun koyon aikin jinya, domin waɗanda suke fitowa daga wuraren nan biyu su ne suke tsayawa tsakanin majinyaci da katinsa.