Gini a kan kango: Abin da ke ɓoye a ƙarƙashin filin da aka share

Daga Dosara zuwa ƙauyukan Maradun, Bakura da Talata Mafara, gini a kan kango ba baƙon abu ba ne. Wasu gidajen damina ce ta kayar da su, wasu kuma hare-haren 'yan bindiga ne suka tayar da masu su. Wanda ya dawo yakan share fili, ya tura ɓaraguzai cikin ramukan da ya tarar, ya kira magini. Daga nan matsalar take farawa.

Da wuya tsohon gida ya rasa rami: masai, rijiyar da ta ƙafe, ko kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini. Ramin da aka cike yakan yi kama da sauran fili, amma ƙasar ciko sako-sako take. Ruwan damina na ratsa ta sai ta lotsa, sharar da ke ciki ta ruɓe ta bar kogo. Da ɗakin zai nutse gaba ɗaya, da da sauƙi. Abin da ke faruwa shi ne kusurwa ɗaya na kan ƙasa mai tauri, ɗaya na kan ciko, sai bango ya tsage a karkace daga bakin taga, ƙofa ta daina rufuwa. Masai ya fi yaudara, domin murfinsa kan ɗauki nauyi shekaru kafin ya rufta.

Maganin bai wuce haƙa ba. Ana tono har a kai ga ƙasar asali, wadda launinta da taurinta suka bambanta da ciko, a kafa harsashi a kanta. In za a sake cike ramin, jar ƙasa ake zubawa kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 ko makamancin haka, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Rijiya kuwa gara a kauce mata, ko injiniya ya tsara dogarin kankare da rodi da zai tsallake bakinta.

Tsohon harsashi yana iya amfani idan an tone gefensa an ga zurfinsa da lafiyarsa. Sai dai wanda aka yi don ɗakin ƙasa ba zai ɗauki bene ba, kuma bulon da ya sha wuta ya riga ya yi rauni.

Akwai kuma tambayar inda ƙasar cikon ta fito. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, musamman a Anka da Bukkuyum, har sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka binne. Turɓayar wurin sarrafa ma'adinai ba abin kaiwa gida ba ce, ko da kyauta aka bayar.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da izinin mallakar fili a karkara, amma takardar iyaka take nunawa, ba ta faɗin abin da ke ƙasa. A Kano an cike kududdufai da dama an yanka su filaye, ruwan da suke tarawa ya koma neman hanya cikin unguwanni. A ƙauye, bayanin inda rijiya da masai suke yana bakin mai unguwa da tsofaffin maƙwabta, kuma da yawansu gudun hijira ya kai su Gusau da Talata Mafara.