Sankarar Bakin Mahaifa: Riga-kafi da Gwaji

A cikin cututtukan sankara da ke kama mata, ta bakin mahaifa na daga cikin 'yan kaɗan da aka san musabbabinsu, aka kuma san yadda za a tare su. Duk da haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da ita, wajen 350,000 suka rasu, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Najeriya kaɗai, mata kimanin 8,000 ta hallaka a 2020.

Ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke haddasa ta, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Harald zur Hausen, wani masani Bajamushe, shi ya gano wannan alaƙa, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar ta yaɗu sosai tsakanin maza da mata, kuma galibi garkuwar jiki kan kawar da ita ba tare da mutum ya sani ba. Saboda haka kamuwa da ita ba hujjar zargi ba ce. Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta ma tana iya ɗauka. Haɗarin yana ga nau'o'in da kan maƙale a bakin mahaifa, musamman na 16 da na 18, masu jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Kafin ƙwayar ta zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwa, kamar mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Wannan tazara ita ce damar da likitoci ke amfani da ita.

Allurar riga-kafi ta fi tasiri idan aka yi wa yarinya tun kafin ta gamu da ƙwayar, shi ya sa ake yin ta tsakanin shekara 9 zuwa 14. Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta a 2011. Najeriya ta shigar da ita cikin alluran da ake yi kyauta a watan Oktoban 2023, kuma sau ɗaya ake yi. Jita-jitar cewa tana hana haihuwa ba ta da tushe. Sankarar ce kan raba mace da mahaifarta.

Matan da suka manyanta kuwa, gwaji ne kariyarsu, domin allurar ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga. Ma'aikaciyar lafiya kan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, ko ta ɗauki samfuri a aika ɗakin gwaji. In an ga matsala da wuri, ana iya ƙone wurin ko a daskarar da shi cikin 'yan mintoci. Burin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kashi 70 cikin 100 na mata su yi gwaji kafin su wuce shekara 35, su sake kafin su wuce 45.

A farkonta cutar ba ta da zafi ko alama. Zubar jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada, ko bayan an daina al'ada, da fitar ruwa mai wari, duk abubuwa ne da ke buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba. Kunya da jiran izini sun sa mata da yawa isa wurin likita a makare. Don haka nauyin yana kan magidanta ma: uba ya kai 'yarsa allura, miji ya ƙarfafa wa matarsa ta je gwaji tun tana da lafiyarta.