Ƙarfen Da Ake Kwashewa Daga Cikin Salansa

Motocin da ke jigilar hatsi da fasinja tsakanin Duvu da kasuwar Mubi, a Jihar Adamawa, galibinsu kwance ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka. A cikin salansar kowace an saka wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda makanikai suke yi wa laƙabi da Indomie. Aikinsa shi ne tace gubar hayaƙi kafin ya fita. Tun shekarar 1975 aka fara sa shi a motocin Amurka.

Abin takaici, sau da yawa akan ciro shi a sayar, mai mota bai sani ba, ko kuwa da yardarsa. Dalili shi ne 'yan giram na filatinam da faladiyam da aka shafa a ciki, ƙarafa ne masu tsadar gaske, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Hayaƙin kuwa sai ya koma huhun 'yan talla da mazauna bakin hanya.

Masana sun daɗe da lura cewa akwai asara a nan, domin ƙarfen a dunƙule yake, ƙwayoyin zarra na bayan dunƙulen ne kaɗai ke aiki, na ciki suna zaune kawai. A shekarar 2011 Zhang Tao na cibiyar binciken kimiyya ta Dalian, a ƙasar Sin, da abokan aikinsa suka warwatsa filatinam ƙwaya ɗaya-ɗaya a kan tsatsar ƙarfe, ya kuma ƙone iskar guba sosai. Wato da ɗan kaɗan sai a yi aiki mai yawa.

Sai dai hanyoyin farko suna cin ruwan sinadarai da yawa, wanda zubar da shi wata ɓarna ce. Don haka aka koma ga niƙa: a zuba gishirin ƙarfen da garin da zai riƙe shi cikin ganga mai ƙwallayen ƙarfe, a yi ta juyawa a bushe har su haɗu. Wasu kuma suna gasa ragowar tsirrai ta zama gawayi, su dasa ƙwayoyin baƙin ƙarfe a ciki a madadin filatinam. Wannan ya fi dacewa da ƙasa irin tamu, inda kara da ɓawo suke jibge bayan girbi.

Babbar matsalar da ta rage ita ce zafi, gama idan ya tsananta ƙwayoyin sukan sake dunƙulewa. Shi ya sa yawancin aikin bai fita daga ɗakin gwaji ba tukuna.