Haraji da Noman Auduga a Ƙasar Zazzau

Hanyar da ta tashi daga Sabon Gari ta ratsa Palladan zuwa Samaru ta haɗa wurare biyu masu muhimmanci a tarihin auduga, watau tashar jirgin ƙasa da cibiyar binciken aikin gona wadda aka kafa a 1922.

Da Turawa suka tilasta biyan haraji da tsabar kuɗi, sai ya zama dole talaka ya noma abin sayarwa. Daga baya hukumar ciniki ta riƙa sayen auduga ƙasa da farashin kasuwar duniya. Wannan rara kuwa haraji ne a ɓoye. Da wani kaso nata aka tallafa wa bincike har aka sami ingantaccen iri, amma manomin da aka tatsa bai da abin sayen taki ko garmar shanu.

Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, aka kuma rushe hukumomin ciniki a 1986. Darasin dai shi ne, haraji yana raya ilmi, amma in ya wuce kima sai ya hana manomi cin moriyarsa.