Allon Lantarki A Bakin Hanya: Zai Tsare Ran Manomi?

Duk motar da ta tashi daga tashar Unguwa Uku za ta Zariya, sai ta ratsa ƙasar manoma. Za ta wuce Kura da Kadawa da Kwanar Gafan, inda ake lodin tumatir, ta kai Kwanar Ɗangora. A waɗannan wurare ne hanyoyin ƙauye suke shiga babbar hanya. Nan amalanke da babur da mai kora awaki sukan haɗu da motar da ta taho a guje.

A shekarar 2018 aka soma sāke gina hanyar Abuja zuwa Kano. Hanya mai kyau alheri ce, amma fa takan sa direba ya ƙara wuta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa guda. In kuma gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki yakan ninka huɗu. Sauri ya haifi nawa.

Yadda allon yake aiki

A wasu ƙasashe, kamar Ingila, akan kafa wani allo na lantarki a mashigar ƙauye ko a muguwar kwana. A jikinsa akwai na'urar rada mai auna gudun motar da ke zuwa. In direba ya wuce ƙa'ida, sai allon ya kama wuta ya gargaɗe shi. In bai wuce ba, allon yana nan shiru. Amfaninsa ke nan, gama allon fenti da direba ke gani kullum, ido yakan saba da shi har ya daina ganinsa.

Akwai kuma wani iri na mararraba. Akan sa na'ura a ƙaramar hanya. Da ta ji abin hawa ya iso, sai allon babbar hanya ya haska, ya ce a rage gudu. Da yawansu da hasken rana suke aiki, saboda haka ba sai an ja waya ba.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Allo ba ya taka wa kowa birki. Amfaninsa ya fi yawa a daidai inda aka kafa shi, in an wuce kuwa, wasu sukan koma halinsu. Ƙurar hunturu takan rufe faifan hasken rana, ɓarayi kuma suna son batir. Na'urar da aka yi domin mota ba lalle ta ji amalanken shanu ba.

A nan ƙasarmu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu daga watan Fabrairu 2017. Wannan a cikin mota take, ba a bakin hanya ba.

Abin da jam'iyyarmu za ta yi

Na fari, ku zauna ku rubuta mararraba da kwanonin da aka sha yin haɗari, da ranakun kasuwa. Ku kai takardar ga mai gari da ƙaramar hukuma da ofishin hukumar kiyaye haɗurra, ku roƙi a sa alama a wurin.

Na biyu, in an kafa allo, ku ɗauke shi kamar rijiyar gari. A sa mai share shi, a sa ido a kansa.

Na uku, kada ku jira. Ku sayi abin nan mai ƙyalli da dare daga asusun jam'iyya, ku manna a bayan kowane amalanke da keke. In za a yi shatar mota zuwa Kano, ku tambayi direba ko na'urar gudunsa tana aiki, kada kuma a ɗora mutane bisa buhuna. In haɗari ya auku, lambar hukumar ita ce 122.

'Yan'uwa, a Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina gida ya yi wa soronsa rawani, don kada wani ya fāɗo alhakin jini ya hau kansa. Mararrabar garinmu ita ce soronmu. Allah ya kiyaye hanya.