Keke Mai Batir Da Hawan Tudu: Me Za Ka Duba Kafin Ka Saya?

A shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska ce babban abin da mai keke ke fama da shi. Amma da zarar an fara hawa, nauyinka da na keken kake ɗagawa sama.

Bari mu yi lissafi da Alpe d'Huez, hawan nan na Faransa da ya yi suna a gasar Tour de France. Tsawonsa kilomita 13.8 ne, kuma a kowace mita 100 hanyar na tashi kusan mita 8. Idan kai da kekenka kun kai kilo 90, hawansa da gudun kilomita 10 a awa zai ci ƙarfin wat kusan 200, ba hutawa, har fiye da minti 80. Wanda bai saba ba, tun a hanya zai sauka ya tura. To a nan keke mai batir ke shigowa: kana taka feda, injin na ƙara maka.

Sai dai kada adadin wat ya ruɗe ka. A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ƙayyade injin a wat 250, kuma taimakonsa na yankewa a gudun kilomita 25 a awa, don haka kusan duk lamba ɗaya za ka gani. Bambancin yana wajen da aka ɗora injin.

Injin da ke cibiyar tayar baya yana juyawa ne daidai da tayar. Idan tudu ya yi tsauri gudu ya ragu, shi ma juyinsa ya ragu, sai ya riƙa ɗaukar zafi yana ɓarnar wuta. Na wajen feda kuwa ta sarƙa yake aiki, wato yana cin moriyar giyarka: ka sa ƙaramar giya, shi ma ya samu sauƙi. Duba kuma ƙarfin murɗawarsa, wanda ake rubutawa da Nm. TQ HPR50 na ba da 50, Fazua Ride 60 kuma 60.

Batir fa? Ɗaga kilo 90 zuwa saman wancan dutse na cin wat-awa kusan 270. Idan injin ya ɗauki rabin aikin, batir mai wat-awa 360 zai kai ka da rara. Wanda ya fi haka girma ƙarin nauyi ne, kuma ranar da caji ya ƙare a tsakiyar hawa, ƙafarka ce za ta ja shi.

Kafin ka biya kuɗi, gwada keken a kan tudu, ba a ƙofar shago ba.